Bikon Badamasi a Mota Mai Kujera Ɗaya

A unguwar Dubeli ta Jimeta in ka tambayi gidan Injiniya Badamasi za a nuna maka, amma sai an ɗan yi murmushi tukuna. Shi ya raɗa wa kansa Injiniya, shi ya rubuta a allon shagonsa da jan fenti, alhali bakaniken babur ne, ba ma cikin na gaba-gaba ba. Babur ɗinka zai shiga hannunsa da ciwo ɗaya ya fito da uku, ka kuma tafi kana yi masa godiya saboda daɗin bayaninsa. Baki kam Allah ya hore masa, hannun ne dai aka yi masa rowa.

Da rikicin 'yan ta'addan nan ya yi tsanani aka hana hawa babur a Yola da Jimeta, sai sana'ar ta mutu murus. Abokan aikinsa suka koma gyaran keke napep, shi kuwa ya ce ilminsa ya wuce abin hawa mai ƙafa uku. Gidan ya koma wuyan matarsa Kaltume da injin markaɗenta, wanda babanta, Modibbo Hamajoɗa na unguwar Wuro Hausa a Yola, ya sayar da bijimi ya saya mata. Tun da sassafe mata ke jera robobin wake da tumatir a ƙofar gidan. Da wannan injin ake ci, da shi ake sha, har shayin da Badamasi ke kurɓa yana ba mutane labarin ilminsa daga cikinsa yake fitowa.

Wata rana cikin azumi ya shiga gidan kallon ƙwallon maƙwabcinsa Albert don ya kashe yini. Kafin a fara wasa tashar ta sa wani tsohon tseren motocin Turawa, na zamanin da hoto ba shi da launi. Motocin dogaye ne sirara, cikinsu na neman taɓa ƙasa, tayoyinsu huɗu a waje tsirara, direba a kishingiɗe a tsakiya ba a ganin komai sai kansa. Kowa na cewa a canja tasha, Badamasi ya miƙe ya tare gaban talabijin.

"Albert, ka ga wannan? Wannan ita ce mota. Duk sauran da kuke gani a titi ɗakuna ne aka sa wa taya."

"Oga Injiniya, abeg ka matsa, mutane ya biya kuɗin ƙwallo ne."

"Kafin Babbar Salla zan ƙera irinta a nan Dubeli."

"Da me?"

"Da wannan," in ji Badamasi, ya ƙwanƙwasa goshinsa.

Daga ranar teburin mai shayi ya koma makaranta. Ana shan ruwa Badamasi zai ɗauko tsinke ya yi zane a ƙasa. Ya ce sirrin farko rashin nauyi, duk abin da ba ya ƙara gudu a yar da shi: ba ƙofa, ba rufi, ba marufin taya, ba fitila, ba ribas.

Wani dattijo ya ce, "To in ka wuce inda za ka fa?"

"Mai tsere ba ya komawa baya, Bappa. Matsoraci aka yi wa ribas."

Sirri na biyu, a cewarsa, inji a bayan direba yake zama, kuma ba ɗora shi ake yi a kan gangar mota ba, shi ne ma ƙashin bayanta. Rabin gaba a jikinsa ake ɗaure shi, tayoyin baya ma a jikinsa. Ka zare inji, mota ta rabe biyu. Na uku kuwa, wurin zaman direba ɗinki ne, ana auna mutum kamar yadda tela ke yi, don ko iska kada ta sami wurin fakewa. A nan take ya tuɓe riga ya kwanta a ƙasa daga shi sai singileti, ya sa Albert ya zagaye shi da gawayi. Azumi ya yi nisa a lokacin, cikin Badamasi ya lafe har ana ƙirga haƙarƙarinsa, kuma da wannan awon aka yanka ƙarfe.

Tayoyi ba su ba shi wuya ba, don matattun babura sun cika bayan shagonsa. Ƙarfen gangar ne ya gagara, sai ya zuba wa gadon Kaltume ido. Ta dawo daga suna ta tarar da katifa a ƙasa.

"Malam, ina gadona?"

"Likitoci sun ce kwanan ƙasa ya fi lafiya ga baya."

"Wane likita?"

"Na Turai. Ba ki san shi ba."

Bayan gado, kwanon rufin kicin ya bi, aka lanƙwasa shi ya zama fatar mota. Mazurarin injin markaɗe na ajiya ya zama hanci. Allon shagonsa ya zama fiffike a baya, wai don iska ta danne motar kada ta tashi sama saboda tsabar gudu. Kaltume mace ce mai haƙuri irin na gidansu, ba ta ɗaga murya, amma ta ce masa abu ɗaya, ta kuma faɗe shi a fili: duk abin da zai taɓa ya taɓa, ban da injinta.

Su kuwa maƙwabta hankalinsu ya tashi. Lokaci ne da ko buhun gawayi ka ajiye a bakin kasuwa sai an watse don tsoron bam, ga mutum ya kulle gida yana walda, ga wani dogon abu mai tsinin baki a ƙarƙashin tamfol. Wata tsohuwa ta leƙa ta katanga, ta sauko tana salati, ta ce roka ce. Kafin azahar ga Jauro mai unguwa da mafarauta biyu da bindigoginsu na toka.

Jauro ya tsaya daga nesa ya ce, "Badamasi, yaye tamfol ɗin nan. A hankali."

Ya yaye. Jauro ya ƙare wa abin kallo, ya fara tambaya.

"Ina wannan abin zai faɗa in ka harba shi?"

"Barkama, ranka ya daɗe, mota ce."

"Ina ƙofarta?"

"Ba ta da ƙofa."

"Mutum nawa take ɗauka?"

"Ɗaya."

Jauro ya dubi mafarautan ya ce, "Ku mu tafi. Ba ɗan ta'adda ba ne, rashin aikin yi ne." Wannan magana ta yi wa Badamasi ciwo ƙwarai. Ya fi son a ce da roka aka kama shi.

Babbar Salla ta zo ta wuce, Badamasi ya bi gidajen 'yan uwa ya ci naman layya har wuyansa ya yi ninki. Mota ta kammala, saura zuciya. Injinan baburan nan duk ya gwada, duk sun taɓa ratsawa ta hannunsa, don haka ko tari ba wanda ya yi. Inji ɗaya ne mai lafiya a gidan, shi ne wanda Kaltume ba ta taɓa bari ya gyara ba. Ranar da ta tafi asibiti dubiya ya kwance shi.

Can ta dawo. Ta tsaya ta kalli katakon da injin ke zama a kai, da notuna huɗu a ƙasa, da layin robobin mata a ƙofar gida. Ta fita ta mayar wa kowa da robarta tana ba da haƙuri, ta yafa mayafi ta tare keke napep ta tafi Wuro Hausa. Badamasi ya ce wa Albert yajin kwana biyu ne, in ta ji labarin motar a rediyo da gudu za ta dawo. Amma gidan ya yi masa faɗi. Ba hayaƙi a kicin, ba mai ce masa sannu, kuma a zuciyarsa ya san ko a cikin mata dubu ba zai sake samun mai jure masa kamar Kaltume ba. Tsoro ya kama shi sosai, bakinsa ne kawai bai sani ba.

Ana nan sai ga ƙanenta Bobboyi, mai tuƙa keke napep, ya zo da saƙo.

"Hamma Badamasi, Baaba ya ce in kana son matarka, ka zo ranar Juma'a bayan la'asar. Ka zo da injin. In rana ta faɗi bai ga inji ba, ka aiko da takardarta."

"Ka ce wa Modibbo ba ni zan kawo inji ba, inji ne zai kawo ni."

"Haka zan faɗa masa?"

"Kada ka rage ko harafi."

Ranar Juma'a Badamasi ya sha wanka, ya zuba babbar riga ta shadda wadda ta sha sitaci har tana iya tsayuwa da kanta, don biko gidan Modibbo ba a zuwa da kayan aiki. Ya ɗora hular kwano a kan hularsa zanna. Rabin Dubeli ya taru. Aka turo mota zuwa ƙofar gida, hanci ya fita, sai ta tsaya cak. Ya auna gangar da faɗin ƙofar tun farko, ya manta tayoyin a waje suke.

Albert ya ce, "Oga, motan nan ba zai fita ba fa. A cire taya?"

"A cire wa zaki ƙafa don ƙofa? A fasa katanga."

Aka fasa. Tsohuwar nan mai roka ta ce daman katangar ta fi motar amfani, amma ba wanda ya tambaye ta.

Saura shiga. Ya cire sitiyari, ya zura ƙafafu cikin hanci, ya sauka har ƙugu, daga nan abu ya ƙi. Awon azumi ne ya haɗu da cikin layya, ga kuma shadda mai sitaci ta shiga tsakani.

"Ka tuɓe rigan," in ji Albert.

"In je gaban surukina da singileti?"

"To ka rage cikin."

"Ƙarfe ne ya tsuke saboda zafin rana. Kimiyya ce, ba za ka gane ba. Ku danna."

Mai ƙosai ta ba da man gyaɗa aka shafa a gefen kwanon. Ƙarti biyu suka dafa kafaɗunsa, ya fitar da numfashi, suka danna, ya faɗa ciki da wata ƙara kamar an toshe tulu. Hannuwansa kawai ke motsi. Aka mayar da sitiyari ya zauna daidai kan cibiyarsa.

"Kun gani? Ko iska ba ta da wurin shiga," in ji shi da ƙyar.

Injin markaɗe da igiya ake tayar da shi, igiyar kuma tana baya inda hannunsa ba ya kaiwa. Bel ɗin a haɗe yake da tayoyi kai tsaye, ba giya ba komai, inji na tashi mota na tafiya, in kana son tsayawa sai ka kashe. Don haka aka shirya Albert zai hau keken Bobboyi, wanda ya zo rakiya, su bi shi don jan igiya. Albert ya ja, inji ya ɗauka da ƙarar nan da duk Dubeli ta sani, har wata mata ta fito daga lungu da robar wake a ka tana cewa Kaltume ta dawo.

Motar ta tafi, wannan gaskiya ne, ba za a hana shi ba. Ta tafi har bakin layi, inda 'yan unguwa suka gina tudun siminti don rage gudun motoci. Tayoyin gaba suka haye, ciki ya dafe a kan tudun, tayoyin baya suka tashi sama suna juyawa a banza. Badamasi ya yi ta lilo, hanci ƙasa, hanci sama.

Mai shayi ya ce, "Injiniya, tashi sama za ta yi ne? Ka ce fiffiken zai hana."

"Titin Turai ba shi da ƙusumbi. Laifin gwamnati ne. Ku ɗaga."

Aka ɗaga shi da motar aka sauke a gaba. Tsakanin Dubeli da babban titi tudun nan ba ɗaya ba ne ba biyu ba, kuma a kan kowanne sai an ɗauke shi a kafaɗa. Mutanen da ke zaune a gefen hanya suka ga an ɗauko dogon abu da mutum a miƙe a ciki, wasu suka tashi tsaye suna tambayar wa ya rasu.

A babban titin Yola ya sami sarari, ya taka totur har ƙasa. Iska na kaɗa hannun riga, ya ji duniya ta zama tasa. Can sai ga keken Bobboyi ya zo daidai shi.

"Hamma, ka ƙara wuta mana, rana tana yi. Ni a giya ta biyu nake jiranka."

"Inji nake ɗumamawa."

Wani mai keken hawa ɗauke da damin rake ya wuce su, ya waiwayo ya yi sallama.

Sai shingen sojoji. Doka a lokacin kowa ya san ta: a tsaya daga nesa, a sauko, a ɗaga hannu, a buɗe but. Badamasi ya kashe inji ya gangara har gaban buhunan yashi. Sojan ya ga dogon ƙarfe mai tsini ya nufo shi, ya gyara riƙon bindiga.

"Oya, sauka."

"Ranka ya daɗe, ba na saukuwa."

"Ka ce me?"

"Ba ƙi na yi ba. Ɗinki ne."

"Buɗe but."

"Babu."

"Takardan mota."

"Ba a yi mata ba tukuna, yau aka haife ta."

Albert ya iso hannu a sama yana bayani da Turancin kasuwa, cewa mutumin nan biko zai je, matarsa ta yi yaji saboda injin da ke bayansa. Sojan ya zagaya motar, ya leƙa hanci, ya sunkuya ya shinshina injin, ya ji ƙanshin barkono. Ya kira abokan aikinsa, suka jeru aka ɗauke su hoto da waya.

Sojan ya ce, "Madam ɗin, ina zai zauna in kun shirya?"

Badamasi ya ce, "An yi lissafin komai." Bai yi ba, kuma bai tsaya ya yi ba, don Albert ya riga ya ja igiya.

Gab da shiga Yola garken shanu ya tsallaka titi, ya bar abin da shanu ke bari. A nan Badamasi ya gane amfanin marufin taya da ya ce nauyi ne kawai. Tayoyin gaba suka kwaso ɗanyen kashin shanu suka yi ta watsa masa, dama da hagu, a ƙirji da fuska, shi kuwa ba halin kaucewa. Ya buɗe baki zai yi wa makiyayin faɗa, ya yi saurin rufewa. Tun da aka haife shi bai taɓa yin shiru mai tsawon na wannan tafiya ba.

Modibbo Hamajoɗa na zaune a kan buzu a ƙofar gidansa ƙarƙashin dalbejiya, dattawan unguwa na kewaye da shi, an shimfiɗa tabarma ta musamman don baƙo. Suka ji ƙarar markaɗe tana tahowa. Suka ga abu ya shigo layi, ya zo daidai su, kai mai hular kwano ya ce "Salamu alai…", ya wuce. Ya kashe inji, amma birkin babur da ya sa wa motar bai kama ba, man gyaɗan nan ya gangara ya jiƙa shi. Sai a ƙarshen layi tarin yashin wani mai gini ya karɓe shi.

Modibbo ya ce, "Bobboyi, wancan surukina ne ya wuce?"

"Shi ne, Baaba."

"Ka ce ya dawo."

"Ba shi da ribas."

Dattawa suka dubi ƙasa, don ba a dariya a gaban Modibbo. Albert da Bobboyi suka jawo motar ta fiffike, da baya da baya, har gaban tabarma.

To, a Yola ko ɗan sarki ne kai, ba ka gaida suruki daga kan abin hawa. Tun daga nesa ake sauka, a tuɓe takalmi, a zo a durƙusa, kai a ƙasa. Badamasi ya san wannan sarai. Ya cire sitiyari, ya dafa gefe ya yunƙura, ko gezau. Tafiyar ta sa ƙafafunsa sun kumbura, sitaci ya sha gumi ya kama kwano. Ya sake yunƙurawa har motar ta ɗaga ta koma.

"Baaba, ina wuni."

Modibbo ya kalli sama, ya kalli dama, ya ce wa na kusa da shi, "Kamar na ji magana, amma ban ga wanda ya sauka ba."

"Baaba, ai in an duba, na fi mai durƙuso ƙasa. A auna a gani."

"Takalminka fa?"

"Suna ciki, can gaba. Ba a ganinsu, kamar na cire ne."

"Da zama ka zo gaishe ni, da takalmi, da kashin shanu a gemu."

"Na hanya ne, Baaba."

"Na san na hanya ne, ni Bafulatani ne. Ina injin 'yata?"

Nan Badamasi ya ga ƙofa ta buɗe, ya manta halin da yake ciki. Ya fara bayani, cewa injin da yake markaɗa tumatir yau ya shiga tarihi, cewa shi ne ƙashin bayan motar, rabin gaba da na baya duk a jikinsa suke rataye, dabarar da ko a Turai sai manyan injiniyoyi. Ya ce notuna huɗu kacal ke riƙe da komai.

"Huɗu kawai?" in ji wata murya daga zaure.

Kaltume ce. Ta fito da mayafinta, a hannunta sifanar da take ɗaure bel da ita kullum, wadda ta tafi da ita a jaka ranar da ta bar gida. Ba ta kalli mijinta ba. Ta durƙusa ta gaida dattawa, ta zagaya bayan motar, ta tsuguna.

"Kaltume, kada ki taɓa na ƙasan nan. Kaltume. Kimiyya ce."

Ta kwance na farko, ta kwance na biyu. A na huɗu motar ta yi wata 'yar ƙara ta rabe biyu, yadda ya yi alkawari. Tayoyin baya da fiffike suka gangara suka jingina da dalbejiya, allon na sama ana karanta Injiniya Badamasi da jan fenti. Rabin gaba ya faɗi a kan gindinsa, hanci ya kalli sama, ga bayan Badamasi ya leƙo ta inda injin ya fita.

Albert ya ce, "Oga, wannan kam ka faɗi gaskiya."

Ta nan aka jawo shi. Albert ya kama hammata ɗaya, Bobboyi ya kama ɗaya, suka ja, ya fito ta baya. Takalma suka zauna a cikin hanci, wando ma ya maƙale a wani ƙarfen gado ya zauna tare da su. Allah ya taimake shi babbar riga babba ce. Ya tattare ta, ya rarrafa kan tabarma ya durƙusa ƙafa ba takalmi, kai a ƙasa.

Modibbo ya ce, "Yauwa, yanzu na ga baƙo. Jam, Badamasi?"

"Jam, Baaba."

"Inji ya iso kafin faɗuwar rana, wannan sharaɗina ne, ya cika. Sauran magana ta mai inji ce."

Kaltume na goge injinta da gefen zane, tana duba inda ya ƙuje. Ta miƙe ta dubi rabin motar, ta leƙa ramin da aka zaro mijinta.

"Malam, biko ka zo?"

"Biko na zo."

"Ka kwance gadona, ka yaye rufin kicin ɗina, ka ɗauke abin da muke ci da shi, ka yi wata da watanni kana ƙera abin da za ka zo ɗaukata da shi. Kujera nawa ka sa?"

Badamasi ya buɗe baki. Akwai bayani a kan nauyi, akwai bayani a kan iska, duk suna nan a kan harshensa. Ya dubi ramin nan da aka yanka daidai jikinsa shi kaɗai, ya dubi matar da ta ciyar da shi tun ranar da aka hana babur, kunya ta rufe shi irin wadda rashin wando bai sa shi ji ba.

Ya ce, "Ɗaya."

"To."

"Na yi kuskure a lissafi, Kaltume. Ki yi haƙuri."

Wani dattijo ya ce a rubuta ranar, don ba a taɓa jin wannan kalma daga bakin Injiniya ba. Modibbo ya yi kamar tari ya kama shi, ya rufe baki da rawani.

Kaltume ta ce, "Baaba, zan koma. Keken ɗinkina yana gidan, in na ƙara kwana zai zama jirgin sama."

Bobboyi ya ara masa wando, ya tsaya masa a ƙwauri. Rabin motar biyu aka bar wa Modibbo, ya ce na gaban zai yi kwamin ban ruwan maruƙa. Kaltume ta shiga bayan keke napep ta zauna, ta matsa gefe ta bar wuri. Badamasi ya ɗaga ƙafa zai shiga, ta ce wurin inji ne. Sai da Albert ya sa baki aka daidaita: Badamasi ya zauna, a ɗora masa injin a cinya. Haka suka kamo hanyar Jimeta, inji da sauran zafinsa, baƙin mai na ɗiga a kan shadda.

Sun wuce shingen sojoji, sojan nan ya leƙo ya ce wa Kaltume sannu da ƙoƙari. Suka ci gaba har suka hango fitilun Jimeta. Can Badamasi ya karkata kai yana sauraron ƙarar da ke fitowa daga ƙarƙashin kujera, ya ɗan matso gaba.

"Bobboyi, ashe keken nan naka ma injinsa a baya yake. Ka san in aka cire rufin nan, aka ƙara taya ɗaya…"

Kaltume ta ɗora sifanar a kan gwiwarsa.

"Kujera biyu zan sa," in ji Badamasi a hankali.